Tukunyar da Likita Ya Aiko

Ku masu rubuto min kullum cewa taurin kaina ya yi yawa, to yau ku gyara zama, don abin da na yi ranar Asabar ya shafe duk na baya. Kuma gara in faɗa muku tun yanzu, ban yi nadama ba. Mama ta daina amsa gaisuwata da baki, sai da ka. Goggo kuwa ta kira duk wata 'yar uwa da ke cikin wayarta ta shaida mata cewa na haukace a kan ganye. Ku saurari nawa ɓangaren, in kun gama sai ku zage ni da hujja.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ɗinkin labule ne sana'ata, shekarata ashirin da tara, ina zaune a gidanmu da Baba da Mama da Goggo. Goggo ƙanwar Baba ce, ciwon gwiwa ya kawo ta jinya, gwiwa ta warke, ita ta ƙi tafiya. Sai kuma Likita. Likitan haƙori ne, ya zo shagonmu neman labulen ɗakin da marasa lafiya ke jira, na je na auna masa tagogi, daga nan ya ga kullum akwai abin da ya kamata a sake aunawa. Mutum ne mai sanyi, mai tsabta har ta yi yawa, in yana dariya sai ya rufe baki da hannu duk da haƙoransa sun fi na kowa. Ina son sa. Na faɗa, ku rubuta ku ajiye, don nan gaba za ku yi shakka.

Na ukunmu a wannan labari shi ne Mai Rarrafe.

Shuka ce ta cikin ɗaki. Na same ta shekara uku da suka wuce a wani gida da na je rataya labule, matar gidan ta datse ta za ta zubar, na roƙi guntu ɗaya da bai fi yatsana tsawo ba, ko ganye babu. Lokacin nan ina cikin wani hali, wanda aka sa mana rana da shi ya fasa, ko fita ba na son yi, abinci ma sai an yi da gaske. Guntun nan shi ne abin da ke tashe ni da safe, in je in leƙa ko ya motsa. Ran da ya fitar da ganyen farko na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fasa aurena.

Ganyensa kamar zuciya yake, kore mai duhu, da jijiyoyi farare, in kin shafa sai ki rantse karammiski ne, ni kuwa na san karammiski. Amma abin da ya bambanta shi da sauran shukoki shi ne ba ya hawa sama. Rarrafe yake yi. Jikinsa mai kauri yana kwanciya ne a kan ƙasa, rabi a waje yana shan iska, yana tafiya gaba a hankali, duk inda ya yi gaɓa ya sa saiwa ƙasa ya ɗaga ganye sama. In kika binne jikin nan, kin kashe shi. Shi ya sa na sa kafinta ya yi min dogon akwati mai huji a ƙasa, na shimfiɗa shi a gindin tagar ɗakina, na cika da ɓawon itace da gawayi da zaren kwakwa da 'yar ƙasa kaɗan. Na ɗinka masa farin labule shara-shara don rana ta shigo da ladabi. Ruwa kuwa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe sannan nake ba shi. Ƙura ma da burushin kwalliya mai laushi nake share masa. Ganye shida yake da su, babban ya fi faranti, ga na bakwai a naɗe yana shirin buɗewa.

Goggo ba ta taɓa ƙaunarsa ba. "Uwar ganye," haka take kirana. "Sa'anninki suna goyon 'ya'ya, ke kina goyon ciyawa."

To sai yayata ta haihu, aiki aka yi mata, ni aka tura in zauna da ita. Kafin in tafi na ja Mama har ɗaki na nuna mata.

"Mama, don Allah kar a taɓa shi. Ko ruwa kar a zuba, na ba shi wanda zai ishe shi."

"Na ji."

"Kar a buɗe labulen."

"Ke, na ce na ji! Ni na raine ku ku biyar, ganye ne zai gagare ni?"

Na yi kusan mako biyu a gidan Yaya, tsakanin wankin kayan jariri da dafa ruwan zafi. Duk lokacin da na ce Mama ta turo min hoton Mai Rarrafe sai ta ce kyamarar wayarta ta yi hazo. Shi kuwa Likita saƙo yake ta turowa mai ɗauke da dariya.

*Akwai abin mamaki yana jiran ki a gida.*

*Mene ne?*

*In na faɗa ai ya tashi daga abin mamaki. Goggo ta taimaka min sosai.*

Wallahi tun da na ga sunan Goggo a ciki ya kamata gabana ya faɗi. Amma jariri yana ta tsala ihu a kunnena, na tura masa fuskar murmushi na ajiye waya. Na ɗauka turare ne ko takalmi.

Ranar Asabar ɗin da na dawo ita ce ranar da aka tsayar zai zo ya gaida Baba, ya nemi izinin turo manyansa. Na iso da azahar, a gajiye, jaka a kafaɗa, ina warin madarar jariri. Falo ya sha gyara, an fito da kofunan nan na gilashi da ba a taɓawa, an canza rigunan kujeru, ko'ina ƙamshi. Na yi sallama, na ɗaga kai.

A kusurwa, kusa da talabijin, ga wata tukunya fara ƙal, doguwa har ƙuguna, bakinta da zanen ruwan zinare. A tsakiyarta an kafa sanda. A jikin sandar an ɗaure Mai Rarrafe a tsaye da jan kirtani mai sheƙi, har da ƙulli irin na kyauta. Jikinsa duk an tura shi cikin baƙar ƙasa, ganyen kawai ke waje. Ganyen ma suna ta ƙyalli kamar goshin amarya, uku sun yi rawaya, na bakwai da na bari a naɗe ya langaɓe ya yi ruwan ƙasa.

Jakar ta zame daga kafaɗata.

"Kin gani ko?" Goggo ta fito daga kicin baki har kunne. "Likitanmu ne ya aiko. Mutum biyu suka shigo da ita. Ni da hannuna na dasa, washegarin tafiyarki. Na ce wannan abu ya gaji da kwanciya kamar mara lafiya, na miƙar da shi."

"Goggo, me kika shafa wa ganyen?"

"Man zaitun. Ba ki ga yadda suka fito ba? Da fa duk sun yi gashi-gashi."

Na je na tura yatsa cikin ƙasar. Ruwa ya taso ya rufe min farce. Na karkata tukunyar da ƙyar na shafa gindinta, sumul, ko huji ɗaya babu. Na sunkuya na shinshina, wari ya bugi hancina, irin na albasar da ta ruɓe a ƙasan buhu.

"Sau nawa ake zuba masa ruwa?"

"Safe da yamma," in ji Goggo, har da ɗaga kai. "Ni ba na wasa da amana."

Innalillahi. Na juya zan nufi kicin in ɗauko wuƙa, sai ga Mama ta tare ƙofa, hannunta duk sabulu.

"Ina za ki?"

"Zan fitar da shi, Mama. Ruɓewa yake yi."

"Ba yau ba."

"Mama, in ya kai gobe babu abin da zai rage."

"Na ce ba yau ba!" Ta rage murya, ta matso. "Bawan Allahn nan ya kashe kuɗinsa, ya aiko da abu don ya faranta miki. Yau zai shigo gidan nan ya zauna gaban mahaifinki, abin da zai fara nema da ido ke nan. So kike ya tarar kin watsar? Ki bari ya zo ya tafi, gobe ki yi duk haukar da za ki yi."

"Kin ce min ba za a taɓa ba."

Ta kawar da kai. Na ga kunya a fuskarta, amma Mama ba ta iya ba da haƙuri ba, sai dai ta ƙara faɗa.

"Ke kin san abin da na gani wancan karon? Kin san yadda nake shiga taro ana bi na da ido? Ki rufa min asiri, 'yar nan. Yini ɗaya na roƙe ki."

Wannan maganar ta karya min gwiwa, don gaskiya ce. Wancan karon ni na shige ɗaki na rufe, ita ce ta tsaya a ƙofa tana amsa tambayoyin mutane. Na juya na wuce ɗaki.

Ɗakina ya yi fili kamar an yi sata. Gindin taga babu komai sai shatar akwatin a kan leda. Akwatin kuwa na hango shi ta taga a bayan kicin, Goggo ta zuba albasa a ciki. Na yi wanka, na sa doguwar rigar da Mama ta goge ta shimfiɗa a gado, ruwan toka mai aikin zare a wuya da hannu, na ɗaura ɗankwali, na yafa mayafi mai duwatsu. Kwalli ma sai da na goge sau biyu kafin ya zauna. Waya ta yi ƙara.

*Kin iso? Kin gani?*

Na rubuta *Na gani*, na tsaya. Na rubuta *Ka kashe min shi*, na goge. Na rubuta *Na gode*, na kalli kalmar, na ji kamar in mari kaina, na goge ita ma.

*Na gani. Sai ka zo.*

*Shi ke nan? Ko ba ki so ba ne?*

*Sai ka zo.*

Na zauna a bakin gado ina lissafi. Ruɓa ba ta tsayawa ta jira baƙo ya sha lemo. Tana bin jikin ne gaɓa bayan gaɓa, kuma daga warin da na ji ta yi nisa. Amma na ce a raina, ki daure, ki yi wa Mama wannan. Wallahi da niyyar daurewa na fito, Allah ne shaidata.

Bayan la'asar ya iso. Farar riga ƙal har ƙasa, an goge ta har tana ɗaukar ido, agogon azurfa, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, Goggo kuwa har da "ɗana, ɗana". Na shigo da tire, na gaishe shi ban ɗaga ido ba, na zuba lemo. Ina jin idonsa yana tafiya daga kaina zuwa kusurwa yana dawowa.

"Ya yi kyau a wurin," ya ce a hankali, yana murmushi. "Sai da na zaga shaguna da yawa kafin in samu mai tsayin da nake so."

"Ai ka iya zaɓe," in ji Goggo. "Ke, ba za ki yi godiya ba?"

Na buɗe baki zan yi godiyar. Na kalli kusurwa don in samu abin faɗa. Babban ganyen, wanda ya fi faranti, wanda na bari a miƙe da azahar, ya sunkuya har yana taɓa bakin tukunya, kuma gindin karan ganyen ya yi baƙi. Tsakanin azahar da la'asar ke nan. To ina ga gobe?

Na ajiye kofin.

"Baba, ka yi haƙuri. Likita, ka yi haƙuri. Mama, ki yafe min."

"Ke!" in ji Mama.

Na fita da sauri, na kwashe albasar Goggo na zube a kwando, na jawo akwatin har falo. Na koma na ɗauko tsohon labule, sabuwar reza, garin gawayi da bokiti. Na shimfiɗa labulen a kan kafet, na cire mayafin na rataye a kujera, na naɗe hannun riga.

"Na shiga uku," Goggo ta dafe ƙirji. "Yaya, kana kallo? Ka yi mata magana mana!"

Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar. "A matsar mata da tebur," ya ce.

Na kwance jan kirtanin, na zare sandar, na rungumi tukunyar na kwantar da ita. Baƙin ruwa ya kwararo, laka ta biyo baya, wari ya cika falon nan da aka wuni ana turarawa. Mama ta toshe hanci da gefen mayafi, idonta ya ciko. Na sa hannu biyu na zaro Mai Rarrafe. Rabin jikinsa ya rage a hannuna kamar dafaffen dankali, saiwoyin da na sani farare sun zama baƙin zare. Ganye huɗu suka zube da kansu.

Likita ya miƙe tsaye. Murmushin ya tafi.

"Me ya same shi?"

"Ba ya tsayuwa," na ce, ban kalle shi ba. "Ba a binne shi. Ba a sa shi a abin da ruwa ba ya fita. Na faɗa maka, ranar da ka kai ni gida daga shago, har na nuna maka hoto."

Ya kalli abin da ke hannuna. "Na tuna hoton," ya ce. "Bayanin ne ban riƙe ba. Ni dai na gan shi a kwance a cikin katako, sai na ɗauka faɗuwa ya yi, ya rasa abin jingina. Na ce bari in sama masa."

Kun ga irin maganar da ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye fushinsa? Da ya yi gardama da na ji daɗi. Na ci gaba da wanke jikin a bokiti, ina jin hawaye yana sauka a kan kwallin da na sha wahalar sawa.

"Kar ki yi kuka," ya ce da sauri. "Gobe zan nemo miki wani. Wanda ya fi wannan girma, ko nawa ne."

"Ka ji ɗan albarka!" in ji Goggo. "Shi ke nan magana ta ƙare. A kwashe wannan ƙazantar."

Nan ne na ɗago na kalle shi sosai.

"Ba na so."

"Irinsa fa, sak."

"Na ce ba na so. Wannan na raina tun yana guntu. Shi ya ga lokacin da ba na iya tashi daga gado. In ka sayo wani ka kai ɗakin jiranka, zai yi kyau da labulen."

Mama ta ce, "Innalillahi," can ƙasa-ƙasa. Na san abin da take gani: wani ma zai fita ta ƙofar nan ba zai dawo ba. Ni ma na gani. Amma na ɓare rezar daga takardarta.

Yadda ake yi shi ne, ki yanka daga inda ya ruɓe ki yi gaba, yanki bayan yanki, har ki iso inda cikin ya yi fari tas. In kika bar ɗigon baƙi ko ɗaya, zai ci gaba da ci. Na yanka, baƙi. Na ƙara, baƙi. Kan da sabon ganye ke fitowa ya tafi gaba ɗaya, na jefa a bokiti ina cije leɓe. Kusurwar babu haske sosai, ga idona ya cika da ruwa.

Sai na ga haske ya sauka a hannuna. Likita ne ya durƙusa a gefena, gwiwoyin farar rigar nan cikin laka, ya kunna fitilar waya.

"Ɗana, rigarka!" in ji Goggo.

Ko juyawa bai yi ba. "Juya shi nan," ya ce min. "Ƙara kaɗan. Akwai baƙi a tsakiya, kin gan shi? Kamar zare."

"Na gani."

"Ƙara. Ni ganye ban sani ba, amma ruɓa na san ta, kullum da ita nake wuni. Yauwa, tsaya. Nan ya yi tsabta."

Haka muka yi ta yi, kai da kai, Baba yana leƙe ta saman tabarau. Hannuna ya fara ƙaiƙayi saboda ruwan jikin shukar, ban kula ba. Da muka gama, abin da ya rage daga shekara uku guntaye biyu ne, kowanne bai fi babban yatsa ba, babu ganye ko ɗaya. Na shafa musu garin gawayi a bakin yankan, na ajiye a kan faranti su sha iska.

Baba ya yi gyaran murya. "To, malam likita. Ka zo da magana, ga shi an sa ka aikin gona. Har yanzu maganar tana nan, ko ta bi ruwa?"

Likita ya kalli rigarsa, ya kalle ni, ya sosa ƙeya da hannu mai laka. "Tana nan, Baba. In an ba ni izini."

Mama ta sauke wata ajiyar zuciya da har fanka sai da ta ji. Goggo ta fara gyara ɗaurin ɗankwali za ta yi addu'a.

"Baba, ina da magana," na ce.

"Ke kuma me?" in ji Mama. "Ba ki gaji ba?"

Na ɗauki guntu ɗaya na naɗe a tsumma mai tsabta, na cika leda da haɗin ɓawon itacen da na ajiye a ɗaki, na miƙa wa Likita da hannu biyu.

"Ka tafi da wannan. Ka samu abu mai faɗi, mai huji a ƙasa. Ka jiƙa wannan haɗin sau ɗaya ka matse, ka kwantar da shi a kai, kwantarwa, ba binnewa ba. Ka rufe da farar leda, kullum ka buɗe ya sha iska. Kusa da taga, amma kar rana ta taɓa shi. Kar ka ƙara ruwa sai na ce. Ran da ya fitar da ganye, ka turo manyanka."

"Ganye?" Goggo ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Ganye ne zai sa mana rana? Yau na ga abin da ya ishe ni!"

"Sai yaushe yake fitarwa?" Likita ya tambaya.

"Wata ɗaya, wata biyu. Wani lokaci ba ya fitarwa."

"In bai fitar ba fa?"

"Ban sani ba," na ce, kuma gaskiyata ke nan. "Ni dai ina so in ga ko in na yi magana kana ji."

Na ga abin ya shige shi, har kunnensa ya yi ja. Na ɗauka zai ajiye ya fita. Sai ya ce, "Maimaita min daga farko," ya saurara har ƙarshe, sannan ya mayar min da bayanin da bakinsa, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya yi sallama da Baba, ya fita riƙe da tsumman nan a tafin hannu biyu, laka har ƙafar wando.

Baba ya miƙe yana neman takalmi. "Tukunyar dai ta yi kyau," ya ce. "A sa mata laima da sandata."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a kaina ina goge kafet. "In yaron nan bai dawo ba," ta ce, "ke da ni ne." Ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa a gidan nan ba, ku kaɗai nake faɗa wa. Guntayen nan biyu ba ɗaya suke ba. Ɗaya yana da ido, wani ɗan tsiro kore kamar ƙwayar shinkafa a gefen gaɓa, daga nan sabon kai ke fitowa. Ɗayan ba shi da komai, fata ce kawai da fatan alheri. Ina sane sarai lokacin da na miƙa hannu kan farantin. Mai idon na ba shi.

Nawa na kwantar a akwati a gindin taga, na yi masa duk abin da na sani. Yau da safe na danna shi da yatsa, ya lotsa. Na naɗe shi a takarda na kai shara, na dawo na zauna gaban akwati babu komai a ciki. Ina nan zaune Mama ta turo ƙofa, karo na farko tun ranar Asabar. Ta kalli akwatin, ta kalle ni.

"Ina naki?"

"Ya mutu."

Ta sake kallon akwatin. "Saura nasa ke nan."

"Saura nasa."

Ta zauna a bakin gadona kamar an zare mata ƙarfi. Sai ga waya ta yi ƙara, muka kalle ta tare. Hoto ne. Wata doguwar roba da aka huda da kyau a jere, kan teburin ofishinsa, bayan labulen da na ɗinka. Guntun yana kwance a sama, ko ƙwayar ƙasa babu a bayansa. Ƙasan hoton ya rubuta:

*Ƙasar ta yi kamar ta bushe. Tun safe nake zagaye shi da kofi a hannu. Ban zuba ba. Ina jiran ki ce.*

Mama ta karɓe wayar, ta kai ta kusa da hanci, ta buɗa hoton da yatsu biyu har ɗan koren nan ya cika fuskar wayar.

"To me kike jira?" ta daka min tsawa, hawaye yana bin kumatunta. "Ki ce masa kar ya kuskura ya zuba!"